Almakashin Malama da Injin Gurzar Masara

A ofishin lauyan da ke saman shagon masu gyaran agogo, teburi uku ne. Na lauya yana ciki, bayan ƙofa mai gilashi. Na biyu na mai karɓar baƙi ne. Na uku yana jikin taga, kuma ba a taɓa rasa abu huɗu a kansa: rula, almakashi, salatif da kwalbar ruwan sha. Matar da ke zama a wurin ta shekara ashirin da shida tana hawa wannan bene. Lauya yana ce mata Malama. Mutanen ƙasa kuwa, masu agogo da mai shayi da telan da ke gefe, Mai Almakashi suke kiranta, tana kuma amsawa.

Ita ba lauya ba ce. Da ta gama sakandare ta yi wata tara tana koyon buga tafireta a wurin wata tsohuwa mai zafin rai. Abu biyu tsohuwar ta cusa mata har suka zame mata jiki. Na farko, kada ki buga takarda ba tare da kin sa kabon kin fitar da kwafi ba. Na biyu, kada ki miƙa wa kowa takarda sai ya buga miki hatimi ko ya sa hannu a kwafinki, da kwanan wata. A gida sun sha yi mata dariya a kan wannan. Har Inna, mahaifiyarsu, takan ce in 'yarta ta miƙo maka ruwa ma ka duba, ƙila akwai inda za ka sa hannu.

Aikin ofishin shi ne takardun haƙƙin ƙirƙira. Mutum ya ƙirƙiro wani sabon abu, sai ya je hukuma ta ba shi takarda cewa na wasu shekaru ba mai ƙera irinsa ko ya sayar sai da izininsa. A ƙarshen kowace takarda akwai wasu layuka da ake kira da'awa, inda mai abin yake zayyana iyakar abin da ya ce nasa ne. Malama ta fara ne da buga waɗannan layuka ba tare da ta gane su ba. Jimla ɗaya takan ci rabin shafi, ba aya sai waƙafi. Ran nan abin ya ishe ta, ta ɗauki wani kwafi da ya lalace ta sa almakashi ta yanka jimlar a kan kowane waƙafi. Da ta jera guntayen a kan tebur sai ta ga ashe kowane guntu ɓangare ɗaya ne na na'urar. Tun daga ranar haka take aiki. In aka kawo abin da ake zargin ya shiga haƙƙin wani, sai ta yanka da'awar, ta bi ɓangarorin abin tana manna kowane guntu a inda ya dace. In duk guntaye sun sami mazauni, akwai haɗari. In ɗaya ya rage a hannunta, akwai magana.

Lauya ya fara da dariya, daga baya ya koma ba ya sa hannu a kan shawara sai ya fito ya tsaya a kan teburinta ya ga guntayen.

Tana da yaya ɗaya namiji, mai walda, wanda ya girme ta da shekara tara. Auta yake kiranta har yanzu da furfura ta fara fito mata. A wurinsa aikinta bai wuce buga takarda ba. In aka tambaye shi me ƙanwarsa take yi, sai ya ce, "Tana can tana yi wa lauya yanke-yanke." Shi kuwa sanannen abinsa injin gurzar masara ne na hannu. Ka zura masara ta baki, ka juya mariƙi, ƙwaya ta zubo ƙasa, totuwa ta fita ta gefe. Sirrin injin wani farantin ƙarfe ne mai danne masarar, da sifirin a bayansa, yadda ko masarar ƙarama ce ko babba farantin zai matsa ya daidaita da kansa. Na farkon da ya yi, sifirin sirdin tsohon kekensa ya cire ya sa.

Wata safiyar Talata ta ji takun mutum mai nauyi a kan bene, sai ga Yaya, hannunsa da baƙin mai, riƙe da ambulan. Bai taɓa hawowa ofishin ba.

"Auta, karanta min wannan. An ce min wai ni ɓarawo ne."

Ta ba shi kujera ta karanta. Wani kamfani ne na waje, ta bakin lauyoyinsa. Sun ce suna da takardar haƙƙi a kan injin gurzar masara mai faranti da sifirin, a nan gida da kuma wata ƙasa maƙwabciya, ƙasar bakin teku. Sun ce ya daina ƙerawa, ya daina sayarwa. In kayansa suka isa iyaka za su sa a riƙe su.

Ta san abin da ke ƙasa. Wata ƙungiyar manoma ta ƙasar bakin teku ta yi odar injin, wata kuma ta ƙasar ƙetaren kogi ta biyo baya. Wata uku Yaya yana ƙira ba hutu. Injinan suna jere a shagonsa an shafa musu koren fenti, mota kawai suke jira.

"Ba su ce kai ɓarawo ne ba, Yaya."

"To me suka ce? Sun gaishe ni?"

"Sun ce abin nasu ne."

"Nasu? Lokacin da na cire sifirin daga kekena suna ina? Ƙafa na taka wata biyu saboda injin nan."

"Je ka kawo min guda ɗaya."

"Kin san shi ai. Shekara da shekaru kina ganinsa."

"Na san shi a matsayin ƙanwarka. Kawo shi in gan shi a matsayin ma'aikaciyar ofishin nan."

Ya hau da shi a kafaɗa, yana haki, ya dire a kan teburinta. Kwana biyu ta yi tana neman takardun kamfanin a rumbunan hukumomin ƙasashen uku ta kwamfuta. Ta buga, ta fitar da kwafi biyu-biyu, ta yanka ɗaya. Ranar Alhamis lauya ya fito, Yaya yana zaune yana kaɗa ƙafa.

Guntaye biyar ne. Na ɗaya, bakin zura masara: ta manna. Na biyu, faifai mai haƙora da ake juyawa da mariƙi: ta manna. Na uku faranti, na huɗu sifirin, duk suka zauna daram. Yaya yana kallon injinsa yana cika da fararen takardu kamar mai rauni a asibiti. Na biyar ya ce gangar jikin injin zubi ce guda ɗaya, ba haɗi. Ta zagaya injin da guntun a hannu. Na Yaya fale-falen ƙarfe ne aka haɗa da walda, ga ɗinkin waldar nan a fili. Ta ajiye guntun a gefe.

"Shi ke nan, mun ci," in ji Yaya, ya miƙe.

"Zauna tukuna. Ƙasa uku ce, kowacce da halinta."

Ta fara da mai sauƙi. A ƙasar ƙetaren kogi kamfanin bai taɓa neman takarda ba, don haka a can ba su da abin riƙewa. Takardar wata ƙasa ba ta ƙetare iyaka. A nan gida kuwa suna da takarda, amma hukumar gida ba ta bincika ko abu sabo ne kafin ta ba da ita, cika fom kawai take dubawa. Kuma alƙalan gida, bisa shari'un da ta tara a fayil shekara da shekaru, sun fi tsayawa a kan kalmar da aka rubuta. An ce zubi, nasa walda ne. A gida haɗarin kaɗan ne.

"Saura ɗaya," in ji lauya, yana gyara tabarau.

"Saura ƙasar bakin teku, Yallaɓai, kuma ita ce mai wuya. A can sai da aka bincika kafin a ba su, don haka kotu za ta ɗauka takardar mai ƙarfi ce. Alƙalansu kuma ba sa tsayawa a kan kalma. Tambaya suke yi: wannan da aka canza, aiki ɗaya yake yi, ta hanya ɗaya? Gangar walda da gangar zubi duk riƙe faifai suke yi. A can guntun nan na biyar zai iya samun mazauni."

Yaya ya dubi lauya, ya ga lauya yana gyaɗa kai.

"Kenan odar babbar ita ce za ta tafi."

"Sai dai in mun nuna takardar tasu tun asali ba ta cancanta ba," in ji ta. "Ba a ba da haƙƙi a kan abin da jama'a suka riga suka sani. Sun shigar da takardarsu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kai yaushe ka fara sayarwa?"

"Shekara goma sha biyar, har da ɗoriya."

"To kawo tsoho guda ɗaya, irin na farkon."

Nan Yaya ya shiga sosa ƙeya. Yana da wata ɗabi'a da ya gada daga maigidan da ya koya masa walda: duk abin da ya ƙera sai ya buga wata da shekara a gindinsa da lambobin ƙarfe da guduma. Amma yana da wata ɗabi'ar kuma wadda tasa ce shi kaɗai. Kunyar tsofaffin injinansa yake ji. Waldarsu duk ƙuraje, sifirin na keke, fenti ba kyau. Duk wanda ya kawo tsoho gyara, sai ya karɓe ya ba shi sabo, ya sa injin yanka ya daddatsa tsohon, ya tara wa masu sayen tsohon ƙarfe. Wanda bai kawo ba ma, in ya ji labari, har gida yake bin sa.

"Duka?" in ji Malama.

"Kin so a riƙa nuna wannan ƙazamin aiki ana cewa nawa ne?"

"Yaya, da hannunka ka bi shaidunka ɗaya bayan ɗaya ka yanka."

"Ni na san wani zai zo daga bayan duniya ya ce shi ya haifi ɗana?"

Sai can ya ɗago. "Akwai na Inna. Ta hana ni taɓawa."

Da la'asar suka je. Inna tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, injin yana jingine a gindin bango, an rufe shi da tsohon buhu. Da ta ji abin da ya kawo su ta kalli ɗanta sama da ƙasa.

"Sau nawa ka zo za ka ɗauke min shi? Na ce maka wannan ya san hannuna. Yau ga shi ka zo kana roƙo."

"Aro za mu yi, Inna."

"Ita zan ba wa aro. Kai ban yarda da kai ba, kana ganin tsatsa hannunka ke ƙaiƙayi."

Malama ta kifa injin. Ga lambobin nan, wata da shekara, shekara huɗu kafin takardar kamfanin. Ga sifirin sirdin keke, ga faranti. Ta rubuta 'yar takardar aro, Inna ta dangwala yatsa tana dariya.

Washegari lauya ya duba ya girgiza kai.

"Ya taimaka, Malama, amma bai isa ba. Lauyoyinsu za su ce injin uwarsa ne, a gidan uwarsa, lambobin kuma shi ke da gudumar, ko jiya zai iya bugawa. A can takarda suke so, wadda wani na waje ya karɓa, da kwanan wata, a inda kowa zai iya zuwa ya karanta."

Yaya ya buga cinya. Shi mai walda ne, ina shi ina takarda?

Malama ta koma kan injin Inna. Tana kallon sifirin sirdin keken ne, sai ta tuna ta taɓa buga wannan kalma da tafireta, har ta tsaya tana tunanin yadda ake rubuta ta. Shekarar da Yaya ya fara sayarwa, manoma sun riƙa dawo masa da injin suna cewa yana fasa ƙwaya, alhali ɗaure sifirin ne ba su iya ba. Ita ce ta zaunar da shi dole ya yi mata bayani, ta buga shafi biyu na yadda ake amfani da shi, shi kuma ya zana hoton cikin injin da biro, kowane ɓangare da lambarsa. Wani malami a makarantar koyon aikin gona ya ce a kawo musu guda su ajiye wa ɗalibai. Yaya ya ce ba shi da lokacin yawo. Ita ta kai.

A ɗakinta, ƙarƙashin gado, akwai akwatin ƙarfe da mijinta ya daɗe yana cewa gidan ɓeraye ne. Ta jawo shi da hantsi, ta zauna a ƙasa tana ɗaga fayil bayan fayil. Kwafin yana nan, takardar ta yi ja, rubutun kabon ya dusashe amma yana karantuwa. A kusurwar sama ga hatimin ɗakin karatu na makarantar, shuɗi, da kwanan wata da sa hannu. Ta tuna ma mai kula da ɗakin karatun ya yi tsaki lokacin, ya ce shafi biyu ne har sai an nemo hatimi?

Ba ta tsaya nan ba, don kwafinta kaɗai kwafin ƙanwar mai abu ne. Ta hau mota ta je makarantar. Mai kula da ɗakin karatun yanzu wata mata ce mai fara'a, ta ce tsofaffin takardu suna ɗakin baya, in ƙwari sun bar su. Awa uku suka yi suna atishawa. Suka samo babban littafin rajista, ga layin da aka shigar da takardar, lamba da rana sun yi daidai da hatimin. Suka samo ita kanta takardar a cikin wani kwali, a bayanta an liƙa katin aro, ɗalibai bakwai sun ɗauka sun mayar a shekarar farko. Malama ta sa aka ɗauki hoton komai, matar ta rubuta shaida, ta buga sabon hatimi.

Da ta dawo ta yi abin da ta saba, amma a juye. Maimakon ta manna guntayen a jikin injin, sai ta manna su a kan tsohon zanen Yaya. Baki, faifai, faranti, sifirin. Huɗu suka zauna. Na biyar ta riƙe shi ta ce wa lauya, "In sun ce zubi da walda ɗaya ne don su kama mu, to ɗaya ne a wannan zanen ma, takardarsu ta faɗi. In sun ce daban ne don takardarsu ta tsira, to ba mu shiga gonarsu ba. Su zaɓa."

Lauya ya daɗe yana kallon teburin. Sannan ya ce ta rubuta haka, zai aika wa abokin aikinsa na ƙasar bakin teku, don shi ke da izinin magana a can.

Shawarar da aka ba Yaya shafi huɗu ce, sa hannun lauya a ƙasa. Na ƙetaren kogi su tafi. A gida ya ci gaba da ƙira. Na bakin teku su jira amsa. Bai so jiran ba.

"Kin ce muna da gaskiya."

"Na ce muna da hujja. In motarka ta isa iyaka aka riƙe ta, hujjar tana nan a kan teburina, injinanka suna can suna shan ruwan sama. Jira."

Ya jira, yana gunaguni. Kullum da rana sai ya hau bene ya leƙo ya ce wucewa yake yi. A mako na biyar ya tambaye ta, tunda an ga shi ya fara, ko yanzu za a ba shi takardar.

"A'a, Yaya. Abin da ya kayar da tasu shi ya hana ka taka. Ya daɗe a hannun jama'a. Na gaya maka tun lokacin ka nemi takarda, ka ce ba ka da lokacin yawo."

"To ba nasu ba, ba nawa ba. Na wa ke nan?"

"Na duk mai masara."

Ya shiga murza hula a hannu. Can ya ce, "Amma a cikin takardar nan da za a karanta a ƙasar bakin teku, an rubuta ni na fara?"

"Shafi na biyu, layi na shida."

Ya sa ta karanta masa layin sau biyu.

Amsa ta zo a mako na bakwai, gajeriya. Kamfanin bai ce ya yi kuskure ba, irinsu ba sa faɗin haka. Sun ce sun duba takardun da aka aiko, kuma ba za su ɗauki wani mataki a kan injin mai gangar walda ba, a can ko a gida. Malama ta karanta, ta fitar da kwafi, ta huda ta sa a fayil, sannan ta kira Yaya ta ce ya nemi mota.

Ranar da aka yi lodi ba ta je ba, tana da wata da'awa ta famfon ruwa a kan tebur. Mai shayi ne ya ba ta labari daga baya cewa Yaya ya tsaya a bakin benen yana gaya wa masu agogo, da duk wanda ya tsaya, cewa ƙanwarsa dokar ƙasa uku take karantawa, kuma lauyoyin waje sun ga aikinta sun janye.

Bayan kwana biyu ya hau da kansa, ya ɗora injin Inna a kafaɗa za a mayar, bai goge masa ko tsatsa ɗaya ba. Ya ajiye wani dogon abu naɗe a jarida a kan teburinta. Rula ce ta ƙarfe, ya goge ta tana sheƙi, ya ja layukan awo da hannu. Ta juya bayanta. Ga wata da shekara an buga da guduma.

"Taki ta roba ta karkace," in ji shi, yana kallon taga.

Ta jawo takarda, ta sa kabon, ta rubuta cewa yau ta karɓi rula guda ɗaya ta ƙarfe daga hannun wanda ya ƙera ta. Ta sa hannu, ta miƙa masa ta sama, ta tura masa kwafin da biro.

"Har da ni, Malama?"

Bai taɓa kiranta haka ba. Ta nuna masa wurin da yatsa, ya sunkuya ya sa hannu, ya rubuta kwanan wata.